Giwa Mai Fukafukai: Waiwaye A Kan Kamfanin Jiragen Saman Nijeriya

A Nyanya, unguwar ƙananan ma'aikata da 'yan fansho da ke gefen Abuja, muna da manyan da suka san zamanin da alhazanmu ke tashi daga Kano a jirgi mai tambarin giwa da fukafukai. Ɗalibanmu na yau kuwa ba su taɓa ganin wannan giwa ba. Saboda haka ya kamata mu waiwayi tarihinta.

Asalin kamfanin shi ne WAAC, wanda Turawan Ingila suka kafa a 1946 domin haɗa Nijeriya da Gana da Saliyo da Gambiya. Da Gana ta sami mulkin kai sai ta janye, haɗin gwiwar ya watse a 1958. A shekarar ne aka kafa kamfanin da ya zama Nigeria Airways, gwamnati kuma ta mallake shi baki ɗaya a 1961. Albarkar man fetur ta sa ya bunƙasa, har jiragensa suka kai kimanin 30 a shekarun 1980.

Amma mu 'yan Arewa da hawaye muke tuna wasu ranakunsa. Ranar 22 ga Janairu 1973 jirgin da ya ɗauko alhazai daga Jidda ya faɗi a Kano, mutum 176 suka rasu. Ranar 11 ga Yuli 1991 wani ya kama da wuta bayan tashinsa daga Jidda zuwa Sakkwato, mutum 261 suka riga mu gidan gaskiya. Duka jiragen biyu hayarsu kamfanin ya yi, na farko daga Jodan, na biyu daga Kanada.

Ba rashin fasinja ne ya kayar da giwar ba. Bashi da almundahana da yawan canza shugabanni suka cinye ta. An kira kamfanin KLM na Holan ya riƙe ragamarta daga 1979 zuwa 1981, amma zanen aro ba ya rufe katara. A 2003 gwamnatin Obasanjo ta rufe kamfanin, dubban ma'aikata suka shiga jiran haƙƙinsu, wasu har mutuwa ta riske su.

A ganinmu, abin da ya kashe giwar yana nan da ransa, wato ɗaukar dukiyar gwamnati tamkar marar mai ita. Jami'o'inmu da asibitocinmu ma dukiyar gwamnati ce. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.