Mind Your Language: Wasan Da Turawa Suka Ji Kunyarsa, Mu Kuma Muka Rungume Shi

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, domin waɗanda data ba ta bari su saurara ba.

Yau tarihin dariya za mu taɓa. Da yawanku in aka ce wasan barkwancin Turawan Ingila na wurin aiki, The Office ne zai faɗo muku a rai, wanda BBC ta fara nunawa a 2001 kafin Amurkawa su yi nasu a 2005. To amma ku tambayi babanku ko wani kawunku da ya yi makaranta a shekarun 1980. Ina tabbatar muku sunan da zai ambata daban ne: Mind Your Language. Wataƙila ma kun taɓa cin karo da guntayensa a TikTok ko a wajen masu tura finafinai a waya: wani malami Bature mai haƙuri, da aji cike da manyan mutane 'yan ƙasashe daban-daban, kowa na karya Turanci ta inda ya iya.

Abin da ya sa na ɗauko shi shi ne, wasan nan guda ɗaya ne amma an yi masa kallo biyu. A ƙasar da aka yi shi, kunya ta sa aka dakatar da shi. A nan wajenmu kuwa aka so shi har aka yi masa kwaikwayo da Hausa.

Bari mu fara da asali. Kamfanin London Weekend Television ne ya shirya shi, aka fara nuna shi a tashar ITV ranar 30 ga Disamba 1977. Vince Powell ya rubuta. Labarin a wata makarantar manya yake a Landan, irin ta dare, inda baƙi 'yan ci-rani ke koyon Turanci bayan sun tashi daga aiki. Barry Evans ne ya fito a Mista Brown, malamin da aka ɗauka aiki na gwaji. Shugabar makarantar, Mis Courtney, tun ranar farko ta nuna masa ita mace ta so a kawo mata, kuma wanda ya riƙe ajin kafin shi sai da ɗaliban suka zautar da shi. Akwai Sid mai kula da ginin, akwai Gladys mai shayi. Wato dai wurin aiki ne sosai: ga uwar ɗaki mai tsanani, ga ƙaramin ma'aikaci da kullum ake barazanar kora, ga 'yan gulmar ofis.

Sai ɗalibai. Ali Nadim ɗan Pakistan, Musulmi. Ranjeet Singh ɗan Indiya mai rawani, mabiyin addinin Sikh, wanda duk kuskuren da ya yi sai ya haɗa hannu ya ba da haƙuri har dubu. Su biyun nan kullum cikin faɗa suke. Su-Lee 'yar ƙasar Sin, ko me aka tambaye ta sai ta zaro ɗan jan littafin Shugaba Mao. Taro ɗan Jafan sai ya miƙe ya rusuna kafin ya yi magana. Ga Juan ɗan Sifen da ba ya gane komai, ga Anna Bajamushiya mai ɗaure fuska, ga Jamila da saƙarta, ga Giovanni ɗan Italiya da Max ɗan Girka suna takara a kan Danielle 'yar Faransa.

Wasan ya karɓu a Birtaniya, masu kallonsa sun kai wajen miliyan 18. Duk da haka, bayan zango uku da kashi 29, aka tsayar da shi a 1979. Michael Grade, ɗaya daga cikin manyan kamfanin, shi ya yanke hukuncin, don yana ganin yadda ake zana baƙi a ciki cin fuska ne.

Kafin ku ce Turawa sun cika fitina, ku dubi zamanin. A 1972 Idi Amin ya kori 'yan asalin Asiya daga Yuganda, dubbai suka sauka a Ingila. Jam'iyyar National Front mai ƙin baƙi tana maci a tituna. Ranar 4 ga Mayu 1978, lokacin da wasan ke tashe, wasu matasa suka daɓa wa Altab Ali wuƙa a gabashin Landan, wani matashi ɗan Bangladash mai aiki a masaƙa, ya mutu. Ku ɗan tsaya a nan. Da dare ana dariyar wani Ali a talabijin saboda bai iya Turanci ba, a titi kuma an kashe wani Ali na gaske saboda launin fatarsa. Yaron ɗan Pakistan da zai je makaranta da safe, ya san muryar Ali Nadim za a kwaikwaya masa, kuma masu kwaikwayon sun fi shi yawa, ƙasar ma tasu ce. A irin wannan yanayi, dariya tana da nauyi.

To mu fa, me muka gani?

Wasan ya iso Nijeriya ta gidajen talabijin na gwamnati, a daidai lokacin da ƙasar gaba ɗaya ta zama aji. A 1976 gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar da UPE, aka kwashi yara zuwa firamare har a ƙauyuka. A 1980 gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya ta jihar Kano, magidanta da matan aure suka koma zama a benci, abin da ya ɗora a kan tsohon shirin Yaƙi da Jahilci na zamanin Jihar Arewa. Mutumin da ya wuni yana kokawa da Turanci a makaranta ko a ofis, in ya zauna gaban talabijin ya ga Bajamushiya fara tas ta kasa bambance "v" da "w", ya ga 'yar Sin ta rikita "r" da "l", me kuke tsammani zai ji? Mu da muke fama da "p" da "f" tun fil azal? Daɗi zai ji. Ashe ba mu kaɗai ba ne. Ashe akwai farar fatar da Turanci ke wahalarwa. Bature mai kallo a Landan a kujerar malami yake zaune, yana kallon ɗalibai. Mu a benci muke, cikin ɗaliban. Shi ya sa da yawa suka ɗauke shi darasi ma, suna tsintar Turanci daga gyaran da Mista Brown yake yi.

Akwai dalili na biyu, kuma ni a ganina ya fi na farko ƙarfi. Bahaushe yana da ma'ajin da zai sa irin wannan wasa tun kafin a ƙirƙiro talabijin. Taubasantaka. Bafulatani da Babarbare kowa na cewa ɗan'uwansa bawansa ne. Bagobiri da Bayarabe haka. Katsinawa da Nufawa, Kanawa da Zazzagawa, maƙera da Buzaye, jika da kaka, ɗan mace da ɗan namiji har da kuɗin shara. Mutanen Rogo ba sai an yi musu dogon bayani ba, tunda ƙaramar hukumarsu ta yi iyaka da jihar Kaduna da ta Katsina, ranar kasuwa kuwa tsokanar Bakano da Bazazzagi ba ta ƙarewa. Wanda ya tashi a cikin wannan, in ya ga Ali da Ranjeet suna zagin juna yau, gobe kuma sun haɗa kai sun rufa wa malaminsu asiri, ba zai ga ƙiyayya ba. Cewa zai yi, ai waɗannan taubasai ne.

Kuma mun riga mun saba da dariyar karya harshe a namu wasannin. Samanja Mazan Fama na marigayi Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a Nuwamba 2023, rabin daɗinsa a Hausar bariki yake, wadda ake cakuɗa ta da Turancin soja. Shi ma fa wasan wurin aiki ne in kun lura: samanja a tsakiya, hafsoshi a sama, kurata a ƙasa. Saboda haka da aka zo kwaikwayon Mind Your Language a Nijeriya, ƙasa a shirye take. Aka yi Second Chance da Turanci, aka yi Jami'ar Albarkawa da Hausa. Ba mu kaɗai ba: Indiya ta yi Zabaan Sambhalke a 1993, Amurka ta yi What a Country!, Kenya ma ta yi nata. Son da ƙasashen waje ke yi masa ne ya sa aka farfaɗo da shi a tsakiyar shekarun 1980, aka ƙara kashi 13, kuma Albert Moses, wanda ya fito a Ranjeet, yana cikin waɗanda suka shirya wannan zangon. Wato ɗaya daga cikin mutanen da aka ce ana ci wa fuska shi ya tsaya aka dawo da wasan. Wannan ma abin a ajiye ne a gefe guda na sikeli.

Yanzu ga inda zan ɗan taka wasunmu. Muna saurin cewa, ai wasa ne, Turawa ne ba su san raha ba. To amma taubasantaka tana da doka. Ana ramawa. Babarbare ya faɗa, Bafulatani ya mayar masa nan take a gaban jama'a, a tashi babu wanda ya fi wani. In ɗaya ne kawai ke da bakin magana, ɗayan kuma sai dai ya yi murmushin dole, sunan abin ya canza.

Kuna son ku gwada? Ku tuna yadda ake fito da Bahaushe a finafinan Kudu shekara da shekaru: maigadi, da ɗan buta da rediyo, ba ya gane saƙo, ana ƙwala masa kira "aboki". Wa ya taɓa jin daɗin wannan a cikinmu? Kalmar "aboki" mai kyau ce a bakinmu, amma mun san abin da ake nufi da ita a Legas. Abin da yaron ɗan Pakistan ya ji a Landan a 1978 ke nan. Sai kuma ku juyo gida. Wa muke sa wa rigar wauta a namu finafinan? Ɗan Gwari. Har kalma muka yi, in mutum ya kasa magana sosai mu ce yana gwaranci. Mun taɓa tambayar Gbagyi ko suna dariya? Ga baƙauyen da ake kawowa birni a fim ya ga bene ya rikice, mutanen Ƙaraye da Rogo sun san da su wa ake. Baban Chinedu ya yi suna da kwaikwayon Inyamuri, jama'a na so, ni ma ina dariya. Tambayar dai ita ce ko mai shago ɗan Ibo da ke Sabon Gari zai iya kwaikwayon Bahaushe a gabanmu haka, mu yi dariya mu tafa.

Abin sha'awa, in kuna neman ajin Mista Brown na gaske a jihar Kano, a Ƙaraye yake. Sansanin masu yi wa ƙasa hidima na jihar yana Kusalla. Duk zango ana sauke matasa daga kowane lungu na Nijeriya, Yarbawa, Ibo, Ibibiyo, Tibi, su yi mako uku, har da ɗan darasin Hausa ake ba su. Daga nan a rarraba su, da yawa zuwa makarantu. A nan abin ya juye: mu ne masu harshe, su ne 'yan koyo. Ɗan hidima zai so ya ce "baƙi sun zo" ya ce "baki sun zo", ya so cewa "ƙaya" ya ce "kaya", aji ya fashe da dariya. Minti biyar bayan haka ɗalibi ya tashi karanta Turanci, "p" ta zama "f", malamin ya samu tasa damar. Wannan kam ana ramawa. Sai dai kar mu manta, shi ɗan hidimar shi kaɗai ne a garin da ba nasa ba, nesa da iyayensa, mu kuma muna gida. In dariyar ta wuce aji ta bi shi kasuwa da masauki, mun koma kujerar Baturen Landan ba mu sani ba.

Akwai wani kashi a zangon farko da nake so ku nema ku kalla. Cikin ɗaliban ajin na dindindin babu ɗan Afirka ko ɗaya. Amma a wannan kashin an ce sufeton makarantu zai zo duba aiki. Sai ga wani baƙar fata ya shigo, Mista Brown ya ɗauka sabon ɗalibi ne daga Afirka, ya zaunar da shi a benci, ya saki baki a gabansa. Ashe shi ne sufeton. Gyearbuor Asante ɗan Gana ne ya fito a matsayin, wanda daga baya ya yi suna a Desmond's. A wannan daren malamin ne abin dariya, kuma abin da ya kayar da shi shi ne ya ga fata ya yanke hukunci. Masu kare wasan suna kafa hujja da irin wannan, suna cewa ai Turawan ciki ma ba a bar su ba, Mis Courtney da Sid duk ana yi musu. Gaskiya ne. Masu suka kuma suna cewa kashi ɗaya ne cikin 29, sauran duk baƙi ne ke tuntuɓe da harshe. Wannan ma gaskiya ne. Ni dai ina kallonsa har gobe, kuma Ranjeet yana ba ni dariya, amma ba zan ce wa ɗan Pakistan da ya tashi a Ingila a lokacin bai san wasa ba.

Su kuwa 'yan wasan, Dino Shafeek da ya fito a Ali ya rasu a 1984, shi ya sa babu shi a zangon ƙarshe. Barry Evans kuma, bayan wasan aiki ya yi masa wuya a harkar fim. Ya koma tuƙin tasi a yankin Leicester, a can aka tsinci gawarsa a gidansa a Fabrairun 1997, yana da shekara 53.

Sai mun haɗu a shiri na gaba in Allah ya kai mu.