Ranar da Jirgi Ya Hau Tudu

Kafin shekarar 1911, idan Bakano ya ce "jirgi", abu ɗaya yake nufi, wato kwale-kwalen da ake fito da shi a kogi. A wannan shekara ce, zamanin Sarkin Kano Abbas, dogon da aka faro shimfiɗawa tun 1907 daga Baro, a bakin Kwara, ya iso Kano. Jama'a suka fita bayan ganuwa, suka tarar da wani abu mai tafiya ba ƙafa, yana cin wuta, yana shan ruwa, yana tunkuɗo hayaƙi. Ba su tsaya aron suna ba. Da suka ga yana ɗaukar mutane da kaya kamar na kogi, sai suka ce jirgi ne, amma na ƙasa. Tun daga ranar dole ta sa tsohon ya ƙara wa sunansa "na ruwa", ya zama baƙo ya sa ɗan gida neman shaida.

Sunan kuwa bai faɗi ƙasa banza ba. Dogon da ya taso daga Legas ya haɗu da na Baro a Minna, amma a Jebba kogin Kwara ya gitta masa. Kafin a kammala gada a tsakiyar yaƙin duniya na farko, taragu kan hau jirgin fito a ƙetarar da su, su sake hawa dogo a ɗaya gaɓar. Haka aka yi ta yi a Makurɗi har 1932, lokacin da aka gama gadar Binuwai. Matafiyin wancan zamani yana iya rantsuwa cewa ya ga jirgi a cikin jirgi, kuma ba zai yi kaffara ba.

Turawan da suka kawo dogo, ƙarƙashin Gwamna Girouard wanda shi kansa injiniyan reluwe ne, auduga suke hange, domin masaƙun Ingila su samu abin saƙa. Manomin Kano ya yi nasa lissafin. Audugarsa tana da masaya a gida, ga masaƙa ga marina, gyaɗa kuwa in ta ƙi sayuwa ana iya cin ta. Da aka buɗe hanyar ga 'yan kasuwa a 1912, sai gyaɗa ta yi wa tashar Kano ambaliya, har taragu suka kasa kwashewa. A 1913 abin da Nijeriya ta fitar ya haura tan 19,000. Buhunan da ke jiran jirgi su ne daga baya aka riƙa jerawa har suka zama dalar gyaɗa, wadda ake dangantawa da attajirai irin su Alhassan Ɗantata. Ashe abin alfaharin da aka yi ta ɗauka a hoto, asalinsa layin jira ne.

Jirgi ya zo da wata baƙuwar ɗabi'a, ita ce bin agogo. Ayarin fatake yakan tashi idan madugu ya ce a tashi, alkawari kuma da hantsi ko bayan la'asar ake ƙulla shi. Shi kuwa jirgi da ƙarfe kaza yake magana, ba ya sanin mai rawani, ba ya jiran a gama sallama. Mutumin da ya saba a raka shi har ƙofar gari ana addu'a, sai ga shi ya tattare babbar riga yana gudu. Da tafiya ta yi tafiya, al'amarin ya juya: jirgin da ba ya jiran kowa ya koma wanda kowa ke jira, har fasinja ya koyi zuwa da tabarma, da buta, da guzurin kwana biyu.

Wannan jira shi ya raya tasha. Mai shayi da mai tsire, da 'yan dako, da 'yan tallan rake da dafaffen ƙwai, duk suka samu abin yi. Garuruwa irin su Kafanchan, da Ƙaura Namoda inda dogo ya kai a 1929, da Nguru inda ya kai a 1930, suka bunƙasa a kan jirgi. Kalmar "tasha" kanta, wadda aka aro daga Turanci, ta yi 'ya'ya: tashar mota, tashar rediyo, har da "ɗan tasha", sunan da iyaye ke jifan yaro mara kunya da shi. A nan Bahaushe ya bayyana ra'ayinsa game da wurin da ake cuɗanya ba a san asalin kowa ba: ya karɓi cinikinsa, ya ƙi tarbiyyarsa.

Sai dai raha ba za ta rufe gaskiya ba. Da gumin talakawan da hakimai da dagatai suka tara bisa umarnin Turawa aka haƙa hanyar, kuma da yawansu ba da son ransu suka bar gonakinsu ba. Ayarin raƙuma da na jakuna suka ja baya, goron da ake ɗorowa daga Gwanja ya koma biyowa ta Legas. Duk wanda ya yi dariyar labaran tasha, ya kamata ya tuna da waɗanda suka ɗauki ƙasa a ka.

Dogo ya kai Maiduguri a 1964, daga nan motoci suka ƙwace masa kasuwa, dalar gyaɗa ta ɓace, ciyawa ta rufe tashoshi da dama. Ko da aka buɗe sabon layin Abuja zuwa Kaduna a 2016, an tarar da sunan yana nan yana jira. Yaron da bai taɓa jin kukan jirgi ba ya san unguwar da ake kira layin dogo, ya san tarago, kuma idan ya ga mutum biyu masu hali ɗaya, zai ce jirgi ɗaya ne ya kwaso su.