Injin Gurzar Auduga da Yaƙin Basasar Amurka

Duk wanda ya tashi a gidan da ake kaɗi ya san wahalar gurza. Mace za ta zauna da dutsenta da magurjinta tana murzawa kaɗan-kaɗan har gurya ta rabu da auduga, amma in an duba abin da ta tara yini guda sai a ga bai taka kara ya karya ba. To, wannan wahala ce ta tsaya tsakanin manoman kudancin Amurka da arziki a ƙarshen ƙarni na 18. Da aka sami injin da ya kawar da ita cikin 1793, mai hankali zai zaci bayin da ke aikin za su sami sauƙi. Abin da ya faru kuwa shi ne bauta ta ƙara ƙarfi, kuma bayan shekara 68 ƙasar ta faɗa cikin yaƙin da ya fi kowane yaƙi cin rayukan Amurkawa.

Yadda aka ƙera injin

A wancan zamani masaƙun Ingila, musamman na yankin Lankasha inda birnin Manchesta yake, sun riga sun sami injunan kaɗi masu yin zare da yawa a lokaci guda. Damuwarsu ita ce inda za su sami audugar da za ta ishi injunan. Kudancin Amurka yana da ƙasa da ruwan sama da rana, amma audugarsa iri biyu ce. Akwai mai dogon gashi wadda guryarta ke fita da sauƙi, sai dai a bakin teku kawai take yi. Akwai kuma mai gajeren gashi wadda ke yi ko'ina a cikin ƙasa, amma guryarta na manne da ita ƙam. Mutum ɗaya zai yini yana tsinta da hannu, abin da zai gyara bai wuce laba ɗaya ba.

Ana cikin haka sai wani saurayi mai suna Eli Whitney, mutumin jihar Masachusets ta arewa, ya gama jami'ar Yale a 1792, ya nufi kudu neman aikin koyarwa. Ya sauka a jihar Jojiya, a gandun wata mata mai suna Catherine Greene, wadda mijinta marigayi janar ne a yaƙin neman 'yancin Amurka. A nan ya ji kukan manoma, ya kuma ƙera injinsa a 1793. Abin ba shi da wani sarƙaƙiya. Gungumen katako ne mai juyawa, an kafa masa haƙoran waya, haƙoran suna fizgo auduga ta cikin 'yan tsagogin da gurya ba ta iya bi, sannan wani buroshi yana sharce audugar daga haƙoran. Ƙaramin injin da ake juyawa da hannu yana gyara kimanin laba 50 a yini.

Gwamnati ta ba Whitney takardar mallakar ƙirƙirarsa a watan Maris na 1794, amma bai ci moriyarta yadda ya so ba. Da yake injin mai sauƙin kwaikwayo ne, kowane maƙeri ya gani sai ya yi nasa, shi kuwa ya shafe shekaru yana zirga-zirgar kotu. Daga baya ma ya koma ƙera wa gwamnati bindigogi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Auduga ta ƙaru, bayi sun ƙaru

Injin ya sauƙaƙa gurza, amma bai taɓa shuka da noma da tsinta ba, duk waɗannan da hannu ake yin su. Tun da yanzu ana iya gurje duk abin da aka noma, sai masu gandaye suka buɗe sababbin gonaki, kowace gona kuwa tana bukatar hannuwa. Ƙidayar 1790 ta nuna bayi kusan 700,000 a Amurka. Ƙidayar 1860 ta nuna kusan miliyan 4. A tsakanin nan audugar da ake nomawa a shekara ta tashi daga 'yan dubban dila zuwa sama da dila miliyan 4, har ta zama fiye da rabin darajar kayan da Amurka ke fitarwa waje.

Ana iya tambaya, daga ina aka samo bayin, tun da an hana shigo da su daga Afirka tun farkon 1808? Amsar ita ce cinikin cikin gida. Jihohi irin su Bajiniya, inda noman taba ya gajiyar da ƙasa, suka koma sayar da mutane ga sababbin jihohin auduga irin su Alabama da Misisifi da Luwiziyana. Kimanin mutum miliyan ɗaya aka kwasa ta wannan hanya kafin 1860, an raba miji da mata, an raba uwa da ɗa. Ƙasar noman kuma ba kango ba ce, tana da masu ita. Dokar 1830, zamanin Shugaba Andrew Jackson, ta ba da damar tashin ƙabilun asali daga kudu maso gabas. Da aka kora ƙabilar Cheroki yamma a 1838, an ƙiyasta kimanin mutum 4,000 sun mutu saboda sanyi da yunwa da cuta.

Rigimar sababbin jihohi

Jihohin arewa sun yi ta soke bauta a hankali, suna dogara ga masana'antu da ƙananan gonaki da ma'aikatan lada. Ba wai hannunsu tsarkakakke ba ne, domin bankunansu da jiragen ruwansu da masaƙunsu duk suna cin ribar audugar kudu. Abin da ya haɗa faɗa shi ne faɗaɗar ƙasa zuwa yamma. Kowace jiha tana da kujera biyu a majalisar dattawa, saboda haka duk sabuwar jihar da za ta shigo tarayya sai an yi ja-in-ja: da bauta za ta shigo ko babu?

An yi sulhu a 1820 kan jihar Mizuri, an sake yi a 1850 bayan yaƙin da Amurka ta ƙwace manyan yankuna daga Meziko. Sulhun 1850 ya zo da dokar da ta tilasta wa mutanen arewa taimakawa wajen kama bawan da ya gudu, abin da ya fusata har waɗanda a da ba ruwansu. A 1857 kotun ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar wani bawa mai suna Dred Scott cewa baƙar fata ba ɗan ƙasa ba ne, kuma majalisa ba ta da ikon hana bauta a sababbin yankuna. Daga nan tsakiya ta ɓace, kowa ya kama ɓangarensa.

A watan Nuwamba na 1860 aka zaɓi Abraham Lincoln shugaban ƙasa. Shi bai yi alkawarin 'yanta bayin da ke kudu ba, abin da ya ce shi ne bauta ba za ta ƙara yaɗuwa ba. Duk da haka Karolina ta Kudu ta ɓalle ranar 20 ga Disamba, wasu suka bi ta har suka kai jiha 11, da Jefferson Davis a matsayin shugabansu. Ranar 12 ga Afrilu, 1861 suka buɗe wuta kan sansanin soja na Sumter, yaƙi ya ɓarke.

Lissafin da bai fita ba

Arewa tana da mutane kimanin miliyan 22, kudu kuwa miliyan 9, daga ciki kimanin miliyan 3 da rabi bayi ne. Yawancin masana'antu da layin dogo suna arewa. To, me kudu ta dogara da shi? Auduga. Wajen kashi uku cikin huɗu na audugar da masaƙun Ingila ke sarrafawa daga can take zuwa. Shugabannin kudu suka yi lissafin cewa in suka riƙe audugarsu, dole Ingila ta shigo yaƙin a bayansu. Suka kuwa riƙe ta a 1861.

Sai aka yi rashin sa'a, ɗakunan ajiya na Ingila cike suke da audugar shekarar da ta gabata. Kafin ta ƙare, jiragen yaƙin arewa sun fara toshe tashoshin ruwan kudu, wadda aka ɓoye ta rasa hanyar fita. Gaskiya ne Lankasha ta sha wuya, masaƙu sun rufe, dubban ɗaruruwan ma'aikata sun rasa aiki. Amma 'yan kasuwa suka juya Indiya da Masar. Abin da ya fi ban sha'awa shi ne, a daren ƙarshe na shekarar 1862 ma'aikatan Manchesta, waɗanda yaƙin ya jefa cikin yunwa, sun yi taro sun aika wa Lincoln wasiƙar goyon baya, shi ma ya ba su amsa cikin Janairun 1863.

Ranar 1 ga Janairu, 1863 Lincoln ya ba da sanarwar 'yanta bayin da ke yankunan 'yan tawaye. Bayan wannan, da wuya wata gwamnatin Turai ta fito fili ta mara wa kudu baya. Sanarwar ta kuma buɗe wa baƙaƙe ƙofar shiga soja, inda kimanin 180,000 suka yi yaƙi a rundunar arewa. Ɗaya daga cikinsu ɗan ƙasarmu ne, Muhammad Ali ɗan Sa'id, wanda aka fi sani da Nicholas Said. A Kukawa ta Borno aka haife shi. Aka kama shi yana yaro, aka ƙetare Sahara da shi zuwa Tarabulus, ya yi zaman Istanbul da Rasha, daga bisani ya isa Amurka yana ɗa, ya shiga runduna ta 55 ta Masachusets a 1863.

A watan Yuli na 1863 kudu ta sha kashi a Getisbag da Biksbag, ƙarfinta ya fara karyewa. Janar Lee ya miƙa wuya ga Janar Grant ranar 9 ga Afrilu, 1865, bayan kwana biyar aka harbi Lincoln, ya rasu washegari. A watan Disamba aka yi wa tsarin mulki gyara na 13 wanda ya haramta bauta. An daɗe ana cewa sojoji 620,000 ne suka mutu, amma binciken baya-bayan nan ya kai adadin 700,000 ko fiye. Kimanin kashi biyu cikin uku cuta ce ta kashe su. Su kuwa 'yantattun bayi, da yawansu ba su sami gonar kansu ba, suka koma noman raba-daidai a gandayen iyayengijinsu na da, bashi ya ɗaure su, dokokin wariya suka biyo baya har zuwa shekarun 1960.

Inda labarin ya iso gida

Masu masaƙun Lankasha ba su manta da wuyar da suka sha ba. A 1902 suka kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga a ƙasashen da Ingila ke mulka, wadda iyayenmu suka sani da BCGA, don kada su sake dogara ga Amurka kaɗai. Fatan samun audugar ƙasar Hausa yana cikin dalilan da suka sa aka shimfiɗa layin dogon da ya isa Kano a 1911. Amma masaƙan gida suna sayen auduga da farashin da ya fi na Turawa, manoman Kano kuma suka ga gyaɗa ta fi riba, sai jirgin da aka kawo don auduga ya koma ɗaukar gyaɗa. A ƙasar Zazzau da kudancin Katsina da Gusau ne audugar sayarwa ta kafu, aka gina gidajen gurza a Zariya da Funtuwa da Gusau.

Saboda haka, 'yan'uwa, wanda ya taɓa ganin motoci jere a ƙofar gidan gurza na Funtuwa lokacin kaka, ya ga wani reshe na wannan labari. Whitney ya yi nufin rage wahalar aiki ɗaya, ya kuma rage ta. Amma tun da masu gandaye ne ke da ƙasa da doka da mutanen da ke aikin, su suka kwashe sauƙin, wahalar ta ninku a kan bayi. Yawancinmu yanzu muna riƙe da ofisoshi da makarantu da kasuwanci inda sababbin na'urori ke shigowa kullum. Idan aka kawo mana wata, bayan mun tambayi saurinta da kuɗinta, ya kamata mu tambayi wa zai ci ribarta, wa kuma zai ɗauki nauyin aikin da za ta haifar.