Gadon 1976: Dalilin da Haɗa R Daga Tushe Ke Cijewa

Duk wanda ya taɓa sauke asalin rubutun manhajar ƙididdiga ta R don ya haɗa ta da kansa a kan Linux ya san inda aiki ya fi cijewa, wato matakin configure. Layuka su yi ta gudu a allo, can sai komai ya tsaya cak, a ce ba a ga kamfailar Fortran ba, ko kuma kamfailar C ta kasa fitar da shirin da zai tashi. Mutane da dama na ɗora laifin a kan sakacin masu R. A ganina ba sakaci ba ne, gado ne, kuma wanda ya san asalinsa ba zai ɓata yini yana lalube a duhu ba.

A 1976 John Chambers da Rick Becker da abokan aikinsu a Bell Labs da ke Amurka suka fara harshen S. A lokacin masu ƙididdigar wurin da shirye-shiryen Fortran suke aiki kai tsaye, aka ƙirƙiro S domin ya sauƙaƙa kiransu, ba domin ya maye gurbinsu ba. Da Ross Ihaka da Robert Gentleman suka fara R a Jami'ar Auckland a farkon shekarun 1990, wannan tsari suka ɗauko. An saki R ƙarƙashin lasisin GPL a 1995, sigar 1.0.0 ta fito ranar 29 ga Fabrairu, 2000, amma har gobe idan mutum ya kira lm(), ainihin lissafin yana sauka ne kan Fortran da aka gyaro daga LINPACK na 1979. Ga kuma laburaren lissafi BLAS da LAPACK, waɗanda su ma na Fortran ne. Ma'ana dole kamfaila biyu, ta C da ta Fortran, su yi jituwa a kan yadda ake rubuta sunayen ayyuka da yadda ake miƙa bayanai, in ba haka ba babu R.

Shi kansa configure daga Autoconf ya fito, wanda David MacKenzie ya fara a 1991, lokacin da kowane kamfani ke da nasa nau'in Unix. Dabararsa ita ce kada a yarda da komai sai an gwada. Yakan rubuta ɗan shiri na layuka kaɗan, ya miƙa wa kamfaila, ya ga ko za ta haɗa shi. Shi ya sa saƙon ƙarshe ke yawan ɓatar da mutum: an ce kamfailar C ta kasa, alhali lafiyarta ƙalau, harafi ɗaya ne aka yi kuskurensa a CFLAGS, wato zaɓuɓɓukan da ake miƙa mata. Ainihin abin da ya faru yana cikin fayil ɗin config.log, kuma ba a ƙarshensa ba, sai an ɗan hau sama zuwa gwajin da ya faɗi. Sauran saƙonnin ma kowanne da shekararsa. A 2005 GCC 4.0 ya sauya kamfailar Fortran ɗinsa daga g77 zuwa gfortran. Kayan Xcode na Apple kuwa ba su zuwa da Fortran sam. A 2016 R 3.3.0 ta daina zuwa da kwafinta na zlib da bzip2 da xz da PCRE, daga nan duk kwamfutar da ba ta da fayilolin heda nasu sai ta tsaya, ko da laburaren suna nan suna aiki.

Wani zai ce, to a sake rubuta komai da C mana a huta. Hujjarsa ba ta banza ba ce, domin a 2019 sababbin sigogin gfortran sun tona wata tsohuwar ɓaraka game da tsawon haruffan da C ke miƙa wa LAPACK, sai da R 3.6.2 ta zo da gyara. Sai dai LAPACK ya sha gwaji tun 1992, kuma MATLAB da NumPy ma a kansa suke dogara. Jefar da shi domin gudun saƙon kuskure musayar matsalar da ake gani ce da wadda ba a gani, wato amsar lissafi marar daidai da ba za ta yi ƙara ba. Haka nan gaskiya ne configure yakan yi kuskure da kansa. Ya taɓa ƙin zlib 1.2.11 saboda yana kwatanta sigar harafi da harafi, ya ɗauka ta gaza 1.2.5, har sai da R 3.3.3 ta gyara a 2017. Amma wannan ma config.log ne ke fallasa shi, domin ɗan shirin gwajin yana ciki a rubuce.

Akwai masu cewa a sauke haɗaɗɗiyar R kawai, kuma ga yawancin ɗalibai shawara ce mai kyau. Ba ta wadatar da mai aiki a babbar kwamfutar jami'a wanda ba shi da izinin saka manhaja ba, kuma fakitocin CRAN, ma'ajiyar fakitocin R, a kan Linux galibi daga tushe ake haɗa su. Saboda haka mai karatu, ranar da configure ya tsaya maka, buɗe config.log kafin ka taɓa komai.