Tarihin Daɓe a Kudancin Kano

Ƙasar Tudun Wada da Doguwa ba ta rasa manyan itatuwa ba, domin kuwa dajin Falgore, wanda Turawa suka keɓe a shekarun 1940, yana da maɗaci da kawo da maje. Duk da haka magabata ba su shimfiɗa katako a ƙasan ɗaki irin na Turai ba, saboda gara ba za ta ƙyale shi ba. Aikin itace shi ne ƙyaure da turmi da akushi.

Daɓe suka dogara da shi, aikin mata kuwa. Idan za a kai amarya, sai a baza marmara a ɗakinta, a yayyafa ruwa, mata su yi gayya su durƙusa da madaɓai, suna bugu suna waƙa har ƙasa ta kwanta sumul. Sa'an nan a kwarara makuba, watau ruwan da aka jiƙa ɓawon ɗorawa a ciki, wanda ke ƙarfafa daɓen ya kuma rina shi ja-ja. Lalle ta nan itace ya shiga daɓe. In ya fara farfashewa, uwargida ta cike gurbin, ta sake shafa makuba.

Yaɗuwar siminti, musamman daga shekarun 1970, ita ta raba yawancin gidajen Bebeji da Kiru da madaɓi.