Daga wata biyu babu sabis zuwa akwatin Wi-Fi a bisa turke

Yau zancen sabis za mu yi, amma daga Birnin Gwari za mu faro, don mu 'yan can mun san ranar da waya ta koma tocila.

A ƙarshen watan Satumba na 2021 gwamnatin Nasir El-Rufai ta sanar da katse layukan sadarwa a wasu sassan Jihar Kaduna. Zamfara ce ta fara a farkon watan, Katsina da Sakkwato suka bi. Hujjar ita ce 'yan bindigar da ke dazukan Kamuku da Kuyambana da waya suke karɓar rahoto daga masu kai musu bayani, da ita kuma suke cinikin kuɗin fansa. A lokacin an riga an rufe kasuwannin mako-mako a Birnin Gwari, Giwa, Chikun, Igabi da Kajuru, sannan aka hana hawa babur. Sai a ƙarshen Nuwamba aka dawo da sabis.

Wata biyu ke nan fa. Mai POS ya zauna. Ɗalibi ba ya iya duba komai. Ni ina Kaduna lokacin, mahaifiyata na gida, kuma duk labarin da zan samu sai ta bakin direba a tasha. Abin da ya fi ci mani rai shi ne wannan: idan an ga ɓarayi sun nufo ƙauye, da me za a sanar da maƙwabta? Ban ce matakin bai takura 'yan bindiga ba, amma su suna da babur da kuɗin mai, suna iya fita inda sabis yake. Tsohuwar da ke Tsohon Birnin Gwari fa?

Abin lura a tarihin nan, tun da GSM ya shigo a 2001, da Econet da MTN, duk sadarwarmu a ƙarfen sabis na kamfani take rataye. In an kashe shi, ko man janaretonsa ya ƙare saboda hanya ba ta biyuwa, gari ya yi shiru.

Wi-Fi kuwa ta wata hanya ya zo. A 1985 hukumar sadarwa ta Amurka ta buɗe wasu zangon rediyo, har da na 2.4GHz, ta ce kowa ya yi amfani ba sai da lasisi ba. A 1997 aka fitar da ƙa'idar 802.11, a 1999 aka raɗa masa suna Wi-Fi. Shi ya sa yau yaro zai sayi akwatinsa a kasuwa ya kafa da kansa. Sai dai akwatin rabawa kawai yake yi, dole a samo intanet daga wani wuri. A Janairun 2023 Starlink ya fara aiki a Najeriya, ƙasa ta farko a Afirka, kuma shi kai tsaye yake magana da tauraron ɗan'adam, babu ruwansa da ƙarfen da ke bayan gari. Kuɗinsa ya fi ƙarfin mutum ɗaya a ƙauye, shi ya sa ake haɗa kuɗi, a sa faranti ɗaya, a ɗaura akwati a sama ya raba wa unguwa.

To a nan ne ganganci ke shigowa. Wani abokina ya ɗaura nasa a dogon bututun ƙarfe a kan shagon cajinsa, ya ja waya kai tsaye ciki. Damina ta farko tsawa ta faɗi kusa, ta bi wayar ta ƙone akwatin da inbata da wayoyin mutane da ke caji. Allah ya kiyaye ba kowa a shagon. Har yau yana biyan bashi.

Turken ƙarfe da ya fi rufin kowa tsawo, gayyatar aradu ne. Sai an ɗaura masa waya mai kauri ta jan ƙarfe, an sauko da ita zuwa sandar da aka kafa cikin ƙasa mai danshi, sannan a sa na'urar kariya a kan wayar intanet kafin ta shiga ɗaki. Kafin ka ɗaga turken ma, ɗaga kai ka duba wayar NEPA. Ka auna: in ya suɓuce ya faɗi, zai kai gare ta? In zai kai, canza wuri. Kar ka ce ai an yi wata ba a kawo wuta ba, ba a yi maka alkawarin ba za a kawo ta yau ba. Kuma kar ka hau kai kaɗai, ko lokacin da hadari ya haɗo.

Sauran ƙanana ne amma su ke cinye kuɗi. Akwatin cikin ɗaki ba ya jure ruwa da rana, ka nemi na waje. Wayar da ke ɗauke da intanet da wuta tare kar ta wuce mita 100. Ka lanƙwasa ta ƙasa kaɗan kafin ta shiga bango, don ruwan sama ya ɗiga a waje. Rufin kwano yana tare sigina, ganyen mangwaro mai duhu ma yana rage ta.

Akwai kuma tsaron da babu shi a takardar kamfani. A yankin da zargin kai rahoto ya ci rayuka, kafa faranti a ɓoye jawo wa kai magana ne. Ka sanar da mai unguwa da jami'an tsaro tun kafin ka haƙa rami. Ka canza kalmar sirrin da akwatin ya zo da ita, ka san su wa ke hawa, don duk abin da aka aika, ta layinka ya fita.

A Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari bayan sulhu. Ciniki ya dawo, kuma yanzu da yawa daga cikinsa tiransifa ne, wato mai saniya ba zai saki igiya ba sai ya ga alat. Duk wanda ya taɓa kafa irin wannan akwati a garinsu, ya faɗa mana nawa ya kashe, kuma damina nawa ya yi. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.