Tarihin Tara Tsofaffin Agogunan Hannu

Tara tsofaffin agogunan hannu sha'awa ce, kuma kasuwa ce, ta neman agogunan da aka daina ƙerawa, musamman masu inji waɗanda ake wanawa ko masu wana kansu, a adana su saboda ƙirarsu, ko ƙarancinsu, ko sunan wanda ya taɓa ɗaura su. Masu harkar ba su daidaita ba a kan shekarun da agogo zai yi kafin a kira shi tsoho. Wasu sun ce 20, wasu 30, wasu kuma sun kafa iyaka a wajen 1990. Wannan maƙala ta bi ra'ayin ƙarshen. Yawancin abin da ake yaɗawa da sunan tarihin agogo daga ofisoshin tallar kamfanoni ya fito, kowane kamfani kuwa yana da abin da yake cewa shi ya fara. Saboda haka an rarrabe a nan tsakanin abin da takarda ta tabbatar da abin da talla kawai ta faɗa.

Kafin a fara tarawa

Waye ya fara ƙera agogon hannu? Amsa ta danganta da wanda ka tambaya. Littafin ciniki na Breguet ya nuna cewa Caroline Murat, sarauniyar Naples, ta ba da aikin agogon ɗaurawa a hannu a 1810, aka kai mata a 1812, sai dai agogon ya ɓace. Patek Philippe na kafa hujja da wanda ya ƙera a 1868, wanda wata basarakiya ta Hangari ta saya. Girard-Perregaux kuma ya daɗe yana cewa ya yi wa hafsoshin ruwan Jamus agoguna a 1880, amma ba a fito da takardar odar ba, bai kamata a jera wannan da'awa da biyun farko ba. Abin da babu gardama a kai shi ne, har farkon ƙarni na 20 kayan adon mata ne, namiji agogon aljihu yake riƙewa. Cartier ya yi wa matuƙin jirgin sama Alberto Santos-Dumont nasa a 1904, ya kai shi kasuwa a 1911, sannan Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ƙarasa aikin, don sojan da ke cikin rami ba shi da sararin lalubar aljihu. Zuwa wajen 1930 na hannu ya rinjayi na aljihu a kasuwa.

Daga shekarun 1920 zuwa 1969 ne aka ƙera kusan duk abin da ake rububinsa yau: Oyster na Rolex mai hana ruwa shiga a 1926, Patek 1518 a 1941, Submariner na Rolex a 1953, Speedmaster na Omega a 1957, Daytona na Rolex da Seiko 5 a 1963. Labaran da ke manne da su na bukatar tacewa. Mercedes Gleitze ta ƙetare tekun da ke tsakanin Ingila da Faransa da iyo a Oktoban 1927, amma a yunƙuri na gaba ne ta ɗauki Rolex, rataye a wuya, kuma wannan karon sanyi ya sa aka tsamo ta kafin ta kai gaci. A hawan dutsen Everest na 1953 ma, Rolex da kamfanin Smiths na Ingila duk sun ba ayarin agoguna, kuma Smiths ne ya buga talla da shaidar Edmund Hillary cewa nasu ya kai ƙololuwa.

A duk tsawon wannan zamani agogon hannu kayan aiki ne, sarkin aiki kamar yadda Bahaushe ke yi masa kirari. In fuskarsa ta koɗe a sake ta, in kansa ya kurje a goge. Masu kuɗin da ke tara agoguna, irin su Henry Graves na Amurka, na aljihu suke nema.

Daga 1969 zuwa 1989

Nan ne asalin harkar. Ranar 25 ga Disamban 1969 Seiko ya fito da Astron a Tokyo, agogon hannu na farko mai aiki da batir da dutsen kwaz da aka kai kasuwa. Kuɗinsa yen 450,000, kuɗin mota a lokacin, kuskurensa kuma bai wuce daƙiƙa 5 a wata ba, alhali mai inji mai kyau kan yi kuskuren haka a kwana ɗaya. 'Yan Suwizalan ba su jahilci fasahar ba, don cibiyarsu ta Neuchâtel ta gwada nata tun 1967, aka sayar da shi a 1970. Abin da ba su hango ba shi ne saurin faɗuwar farashi. Zuwa 1976 Texas Instruments na sayar da agogo mai nuna lambobi a kan dala 20.

Ma'aikatan agogo a Suwizalan sun ragu daga kimanin 90,000 a 1970 zuwa kimanin 30,000 a tsakiyar shekarun 1980, kamfanoni kuma daga wajen 1,600 zuwa wajen 600. An saba ɗora laifin duka a kan kwaz. Masanin tarihi Pierre-Yves Donzé ya nuna cewa maganar ta fi haka: tun kafin kwaz 'yan Japan sun iya ƙera masu inji masu inganci da yawa cikin araha, masana'antar Suwizalan kuwa a tarwatse take cikin ƙananan ma'aikatu, ga kuɗin ƙasar ya yi tsada bayan 1971 har kayanta suka gagari masu saye. Bayaninsa ya fi gamsarwa.

Abin da ya shafi masu tarawa shi ne ɓarnar da aka yi a waɗannan shekaru. Ma'aikatu sun zubar da kayan gyara da zane-zane. Da farashin zinariya ya kai dala 850 kowane oza a Janairun 1980, an narkar da agogunan zinariya masu yawa, aka watsar da injinansu. Ƙarancin da ake biya wa miliyoyi yanzu, wani ɓangarensa a nan aka yi shi.

Labarin Zenith ya isa misali. A 1969 ya fito da El Primero, injin awon tsere mai wana kansa. A wannan shekarar Seiko ya fito da nasa, haɗakar Heuer da Breitling da Hamilton ma ta fito da nata, har yau ana musun wanda ya riga: Zenith ne ya fara sanarwa, a Janairu, amma sauran biyun sun riga shi isa kanti. Bayan wani kamfanin rediyo na Amurka ya sayi Zenith a 1971, aka ba da umarni a 1975 a daina masu inji, a rabu da kayan ƙira. Wani ma'aikaci mai suna Charles Vermot ya rubuta ya roƙa, ba a saurare shi ba. Sai ya riƙa kwashe kayan bugun ƙarfe da zane-zanen a ɓoye, yana jera su a ɗakin saman ma'aikata, kowanne da lambarsa. Da kasuwar masu inji ta farfaɗo ya fito da su, kuma da injin nan ne Rolex ya yi sabon Daytona na 1988.

A daidai lokacin da ma'aikatu ke rufewa, Osvaldo Patrizzi ya buɗe gidan gwanjon da ya zama Antiquorum a Jeniba a 1974. A farkon shekarun 1980 ya fara ware wa agogon hannu gwanjo na kansa, abin da manyan gidajen gwanjo ke ganin bai kai ba. 'Yan Italiya ne suka fara kama abin. Dillalan Milan da Rum suka riƙa bin kantunan Turai da Amurka suna kwashe abin da ya yi kwantai. Daytona mai wanawa, wanda a shekarun 1960 ake sayarwa kimanin dala 200 kuma yake daɗewa a kanti, yana cikinsu. A hannun dillalan wannan zamani ne mai baƙuwar fuska ya sami laƙabin ɗan wasan fim Paul Newman. Ana yawan cewa daga bangon wata mujallar Italiya sunan ya fito, amma ba a taɓa nuna mujallar ba. Hotunan ɗan wasan sanye da agogon dai suna nan birjik.

Masana'antar kanta ta tsira ta wata hanyar. A 1983 aka haɗe manyan rukunoni biyu, ASUAG da SSIH, aka kuma fito da Swatch na roba mai araha, a 1985 kuma Nicolas Hayek ya karɓi ragama. Tun da batir ya ɗauke wa inji aikin faɗin lokaci, sai aka koma tallar inji a matsayin aikin hannu da gado, tsoho kuma ya zama shaidar asalin sabo. A 1988 Martin Huber da Alan Banbery suka wallafa littafi a kan agogunan hannu na Patek Philippe, mai saye ya sami abin dubawa. A Afrilun 1989, shekarar da kamfanin ya cika 150, Antiquorum ya yi gwanjon agogunansa zalla, kimanin 300. Idan ana neman ranar da sha'awar ta zama kasuwa sosai, wannan ce ta fi cancanta, ko da yake abin da ya fi tsada a ranar, Calibre 89, na aljihu ne kuma sabo fil.

Abin da ake dubawa

Ƙa'idar da ta kafu tun daga nan takan ba baƙo mamaki: agogon da ba a taɓa ba ya fi wanda aka gyara ya yi ƙyalli. Fuska ce ke ɗauke da mafi yawan kuɗin. Wadda aka sake wa fenti ta faɗi, wadda rana ta mayar daga baƙi zuwa ruwan ƙasa kuwa ta hau, alhali asalinta aibin fenti ne. Kan da aka goge har gefunansa suka dakushe ya rage daraja. Ana duba lambar da ke jiki a gwada da kundin kamfani, Patek Philippe da Longines na daga masu ba da takardar shaida daga kundinsu. Kwali da rasiɗin asali na ƙara kuɗi.

Sinadarin da ke haska lambobi cikin duhu ma agogo ne a kan agogo. Har farkon shekarun 1960 radiyam ake shafawa, wanda ya hallaka 'yan matan da ke lasar burushin fenti a ma'aikatun Amurka a shekarun 1920. Haskensa kan mutu amma gubarsa na nan, kada mai gyara ya buɗe irin wannan ya hure ƙura. Bayansa aka koma tiritiyam, ana sa harafin T a ƙasan fuska, har ƙarshen shekarun 1990. Agogon 1955 mai harafin T an sake masa fuska ke nan.

Ba kowa ke bin masu miliyoyi ba. Akwai masu neman cika jerin agoguna 12 da kamfanoni 12 suka yi wa sojan Birtaniya a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, Grana ne mai wuyar samu a cikinsu. Akwai masu bin Seiko zalla. Manyan gwanjon Jeniba a Mayu da Nuwamba ake yi.

Zamanin miliyoyi

A Nuwamban 2016 gidan gwanjon Phillips ya sayar da Patek 1518 na farin ƙarfe, ɗaya daga huɗu da aka sani, a kan faran miliyan 11 na Suwizalan. A Mayun 2017 gidan gwanjon Christie's ya sayar da Patek na Sarki Haile Selassie na Habasha a kan kimanin dala miliyan 2.9, bayan kotu ta dakatar da cinikin a 2015. Iyalan sarkin sun ce wawashe shi aka yi bayan juyin mulkin 1974, masu sayarwa suka ce shi da kansa ya yi kyautarsa. Ranar 26 ga Oktoban 2017 a Niyok, Daytona na Paul Newman kansa, wanda matarsa Joanne Woodward ta ba shi, ya tashi a dala miliyan 17.75.

Inda kuɗi ya kai haka, maha'inta ba sa nisa. A Nuwamban 2021 Omega ya sayi Speedmaster na 1957 a gwanjo a kan sama da faran miliyan 3, don gidan tarihinsa. A 2023 kamfanin ya sanar cewa haɗe-haɗen sassan agoguna daban-daban ne, ya kuma zargi wasu tsofaffin ma'aikatansa da hannu a ciki. Idan an iya yi wa maƙerin agogon haka, mai saye daga hoto a intanet ya san matsayinsa. Farashi ya kai ƙololuwa a farkon 2022, sannan ya sauko.

A ƙasar Hausa

Agogunan da suka fi shigowa hannun jama'a na Japan ne, Seiko 5 da Orient da Citizen, tare da Rado na Suwizalan, da yawansu tsarabar alhazai daga Makka da Jidda. Daga baya Casio da na Sin masu batir suka cika kasuwa, aikin masu gyaran agogo ya koma sauya batir da maɗauri. Tsofaffin na nan a akwatunan gado da cikin gilashin masu gyara. Wanda ya gaji irin wannan, kada ya bari a goge masa kai ko a sake masa fuska kafin ya duba lambar da ke bayansa. A Seiko na wancan zamani, lamba ta farko ita ce ƙarshen shekarar ƙira, ta biyu kuma wata.